Ranar da Inna Ta Jiƙa Kwamfuta

Idan aka ambaci Inna ungozoma a ƙaramin asibitin unguwarmu, ba haihuwar da ta karɓa cikin shekara talatin da ɗaya ake fara tunawa ba. Ranar da ta jiƙa kwamfuta ake tunawa.

Ranar awo da rigakafin jarirai ce, benci ya cika da mata har bakin ƙofa. Inna ta ɗora wani jariri ɗan wata uku a kan sikeli, ta ajiye kwamfutar hannun da aka ba ta a gefe don ta shigar da nauyinsa. Jaririn ya dube ta, ya dubi rufin ɗaki, ya saki fitsari kamar an buɗe famfo, ya sauka daidai kan gilashin kwamfutar. Inna ba ta yi tunani ba, hannunta ne ya yi mata. Hannun nan doka ɗaya ya sani: duk abin da ƙazanta ta taɓa, kwanon ruwan magani ne makomarsa. Ta ɗauki kwamfutar da yatsu biyu, ta tsoma ta tsundum tare da almakashi da faranti, ta dubi agogon bango, ta ba ta minti goma cif. Ta ɗauraye ta, ta kife a kan tawul ta sha iska. Sai da ta juyo za ta shigar da nauyin jaririn sannan ta gane abin da ta aikata.

Wanda ya san Inna ba zai yi mamaki ba. Da shara da guga ta fara aiki a asibitin, zamanin da ake dafa sirinji a tukunya a sake amfani da shi. Daga nan ta yi kwas, ta zama ungozoma, amma tukunyar ba ta taɓa fita daga ranta ba. A gidanta ko cokali sai ya ga tafasasshen ruwa, jikokinta kuwa kafin su gaishe ta sai sun nuna tafin hannu. Marigayi mijinta yakan ce shi kaɗai ne ya tsira daga tukunya, shi ma don bai shiga ba ne.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne faɗa a kan katin rigakafi. Uwa ta kawo kati da tabon mai, ko wanda akuya ta ɗanɗana, ko wanda yara suka yi zane a bayansa, to ranar sai ta gwammace ba ta fito ba. Inna takan ɗaga katin sama duk benci ya gani. “’Yata, wannan katin ɗanki ne ko murfin tukunya?” Mata su yi dariya, mai katin ta sunkuyar da kai. Inna tana ganin gyara take yi, kuma a gaskiya yaran unguwar ba sa tsallake allura.

Likita, wanda Inna ce ta yanke masa cibiya, ya zo ya tsaya kan kwamfutar. Ya danna, ya girgiza, ruwa ya ɗigo masa a takalmi.

“Inna, ba komai, ƙarfe ne. Ai dai kina tura bayanan duk ƙarshen mako, ko?”

Nan ne gizo ke saƙar. A asibitin ba a samun sabis sai a gindin tankin ruwa, shi ma sai mutum ya ɗaga kwamfutar sama da hannu biyu ya tsaya kamar mai roƙon ruwan sama. Inna ta gwada sau ɗaya, masu jiran magani suka zuba mata ido, ta ga abin bai dace da mace mai jikoki ba. Kullum sai ta ce gobe.

“Sati uku ban tura ba, Likita.”

Bai yi mata faɗa ba. Ya dai ja kujera ya zauna. Jarirai arba’in da uku aka yi wa allura a makonnin nan, kuma tun zuwan kwamfutar aka rufe babban littafin rajista. Wa aka yi wa ta farko, wa ya karɓi ta biyu, wa zai dawo yaushe, duk sun tafi cikin kwanon. Idan ba a sani ba, wani yaro zai tsallake allurarsa, wani a maimaita masa.

“Sai dai katunan da ke hannun iyaye,” in ji Likita. “Bari in tura ma’aikata su bi gida-gida.”

“Ni na jiƙa, ni zan bi.”

Haka Inna ta ɗauko tsohon littafin, ta kaɗe ƙura, ta riƙa fita kullum bayan an tashi aiki. Sunayen ba su yi mata wuya ba, ita ta karɓi haihuwar yawancinsu. Abin da ya yi mata wuya shi ne bakin ƙofa. Ta yi sallama, a yi mata shimfiɗa, a gaisa har a tambayi ƙafarta mai ciwo, sannan dole ta ce, “Katin yaro na zo dubawa, nawa bayanin ya lalace.” Labarin kuwa ya riga ta isa kowane gida. Aka riƙa fito mata da katuna daga ƙarƙashin katifa, daga cikin gwangwanin madara, wasu da tabon mai, ɗaya da shatin haƙoran akuya. Ta karɓa da hannu biyu, ta kwafe, ta mayar, ta ce an gode. Ba ta ɗaga ko ɗaya sama ba.

Kwana shida ta cike arba’in da biyu. Saura ɗaya, kuma ta san ko ta wace ce, shi ya sa ta bar ta ƙarshe.

Matar tela ce, haihuwarta ta fari. Makonni kaɗan kafin nan ta zo da katin ’yarta ya zama dunƙule, ta manta shi cikin zani ta wanke. Inna ta ɗaga dunƙulen sama ta ce, “Ku ga mai tsafta, har katin ta yi wa wanki.” Sabbin katuna sun ƙare ranar, sai ta ƙara da cewa, “Je ki, Allah ya taimake ki akwai kwamfuta, ita ba ta da sakaci irin naku.” Aka yi wa ’yar allura, matar ta fita tana share ido da bakin mayafi.

Sau biyu Inna tana wuce ƙofar gidan kamar mai neman wani gida. A na uku telan ya ɗago daga kan kekensa.

“Inna, ko ɓata kika yi? Shigo mana, tana ciki.”

Matar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa a kofin da aka ajiye don baƙi, ta zauna nesa kaɗan da ’yar a cinya. Inna ta buɗe littafin, ta rufe, ta sake buɗewa.

“’Yata, na san ba ki da kati. Ni ma ba ni da komai. Ban san allurar da na yi wa ’yarki ba, ban san ranar da na ce ki dawo ba. Ni da na yi miki dariyar wanki.”

“Ranar Talata ce, Inna, biyu ga wata,” in ji matar, idonta na kan tabarma. “Allura biyu, ɗaya a kowace cinya, da ɗigo a baki. Kin ce zuwanmu na biyu ke nan, in dawo bayan sati huɗu. Kina sanye da farin ɗankwali mai bakin shuɗi. Mata goma sha ɗaya ne a benci.”

Inna ta ɗago. “Har benci kika ƙirga?”

“Ai ban iya duban fuskokinsu ba, sai na ƙirga ƙafafu.”

Ba da gatse ta faɗa ba. Inna ta rubuta kwanan watan. Ta lissafa da yatsu, ta ga ranar dawowar jibi ce. Daga ƙarshe ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar, ta duba idonta da cibiyarta, ta ce ana kula da ita yadda ya kamata. Matar ta raka ta har bakin titi, tana riƙe mata da littafin.

Jibin ta kawo ’yar, aka yi mata ta uku a kan lokaci, Inna da kanta ta rubuta mata sabon kati ta sa a leda.

Bayan wata guda aka kawo sabuwar kwamfuta cikin rigar roba mai kauri. Yanzu duk ƙarshen mako za ka ga Inna a gindin tanki, hannuwa sama, fuska a murtuke, ba mai iya yi mata magana. Ba mai iyawa sai mai ba da magani, wanda tsokana ce abincinsa. Ran nan ya leƙo ta tagarsa ya ce, “Inna, in ɗora ruwa ne? Na ga wannan ma ta yi datti.”

Inna ba ta sauke hannu ba.

“Tsokane ni, ɗana, kai kaɗai ka yi mini wannan alherin. Gida arba’in da uku na shiga ina jiran ko mace ɗaya ta rama, kowacce sai ta ba ni ruwa. Da sun zage ni, da tuni na warke.”