Kayan da Kundi Ya Ɗauka

Shekara ashirin da uku Kundi ya yi yana dakon siminti a babban siton da ke bayan tasha. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don ba a raba shi da littafi. A makaranta bai yi nisa ba, amma duk abin da aka rubuta kan tattalin arziki, ko yadda ƙasashe suka ci gaba, ko yadda al'ada ke ɗaure mutane, sai ya sayo wajen mai tsofaffin littattafai na gindin gada. Wasu ba bango, wasu ɓera ya cinye ƙarshensu. A leda yake ƙunshe su saboda ƙura, ya karanta lokacin jiran mota, yana bin layi da tsagaggen yatsa.

Matarsa kan ce, "Maigida, da takarda na ƙosarwa, da tuni mun ajiye teɓa." Sai ya juya shafi.

Ana nan kamfani ya kawo injin ɗaga kaya, mai cokula biyu na ƙarfe a gaba. Buhu arba'in yake ɗauka a tashi ɗaya. Cikin mako guda aka sallami mutum goma sha ɗaya. Kundi ya tara sauran a bayan sito, ya ce ya karanta irin wannan, an sha yi a wasu ƙasashe. Waɗanda suka farfasa inji ɗaure su aka yi, aka kawo wani. Waɗanda suka haɗa kai suka dage a koya musu tuƙi da gyara, su suka tsira da aiki. Ya yi ta bayani har bakinsa ya bushe.

Guduma, wani ƙato da aka kori ƙannensa biyu, ya tofar da yawu. "Yaya Kundi, ka gama? To je ka karanta wa 'ya'yan ƙannena, su ci su kwanta."

Washegari da hantsi suka far wa injin. Direban wani siririn magidanci ne, kwanansa tara da samun aikin. Suka fizgo shi daga kujera, ƙeyarsa ta bugi kankare. Guduma ya sauke masa rodi a gwiwa, kowa ya ji ƙarar ƙashi. Masu shuri na shuri, masu duka da katako na duka, jini ya cakuɗe da ƙurar siminti ya zama taɓo. Wani ya watsa wa injin fetur ya ƙyasta ashana.

"A jefa shi ciki! Ya bi ubangidansa!"

Kundi ya yi ta ihu, "Ku tsaya! Ba shi ya kore ku ba!" Wani ya kai masa gwiwar hannu a baki, haƙora biyu suka zube. Ya tofar da su. Ya kutsa tsakiya ya durƙusa, ya kama direban ƙugu da kafaɗa kamar buhu, ya wurga shi gadon baya, ya miƙe. Sannan ya kwarma abin da kowane ɗan dako ke faɗa sau ɗari a yini.

"Hanya! Kaya!"

A dako akwai doka, ba a rubuce take ba. Mutum in da kaya a bayansa, ba a taɓa shi, ba a tare masa hanya, ko uwarka ya zaga, sai ya sauke. Duk cikinsu ba wanda bai taɓa ganin yadda baya ke karyewa ba in aka bangaji mai kaya. Ƙafafunsu suka matsa tun kafin su yi shawara.

Guduma ya bi shi kafaɗa da kafaɗa, rodi a hannu. "Sauke shi, tsoho! Wallahi ka sauke shi!"

"Sai na kai masauki, ƙanena."

Taku ɗari biyu ne zuwa ƙofa, jinin direban na bin wuyansa, hayaƙi na bin su. A bakin titi ya tarar da wata a-kori-kura da ta gama sauke yashi. Ya shimfiɗe mutumin a baya, ya buga jikin motar da tafi. "Asibiti! Taka ta!"

Motar na tashi, doka ta ƙare. Ya sani, bai ma juya ba. Rodin farko ya karya masa ƙashin kafaɗa, na biyu ya kashe masa kunnen dama. Sai da mutum huɗu suka danne Guduma.

An ɗaure Guduma da wasu shida. Kamfani ya kawo inji biyu a madadin ɗaya. Kundi ko bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa da dama yanzu, gadin ƙofar wani gareji yake yi. Rabin tsofaffin abokansa in sun gan shi sai su kau da kai.

Direban ya rayu. Yana ɗingishi, yana da 'ya'ya biyar, an ce ya buɗe shagon faci. Bai taɓa zuwa gaishe da Kundi ba, Kundi kuma bai taɓa tambayar inda shagon yake ba.