Ɗan Gilashin da Mama Elisante Ta Fasa

A kasuwar Himo babu wanda bai san Mama Elisante da tsohuwar akori-kurarta ba. Sunanta na yanka Aikande, amma rabon da a kira ta da shi tun haihuwar ɗan farinta. Shekarunta sittin da tara, gajeriya ce, sai ta ɗora matashi biyu a kujera kafin ta hango titi. Tun rasuwar mijinta, Shayo, ita ke sauko da ayaba da madara daga kan tudu duk Talata da Juma'a. Ba ribar ce ta dame ta ba. A kasuwa take ganin mutane, in babu motar nan sai ita da shanu biyu.

'Ya'yanta ba sa son tuƙin. Elisante, wanda ke aiki a Dar es Salaam, ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: "Mama, ranar da kika fara mantuwa, zan karɓi makullin nan."

Wata Talata kuwa ta rufe ƙofar motar da makulli a ciki. Bakanike na nan tsallaken titi, amma abokin Elisante ne, kuma bakinsa ba ya rufuwa. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ɗauki dutse ta zaɓi gilashin da ya fi ƙanƙanta, ɗan mai kusurwa ukun nan na gaban ƙofa. Ga shi ranar Asabar Elisante zai zo.

Washegari ta hau bas har Arusha, inda ba a san ta ba, ta shiga layin masu kayan tsofaffin motoci.

"Mama, ai da babban kika fasa," in ji mai shagon farko. "Babban ina da goma. Wannan ɗan tsiyar shi kowa ke fasawa, shi ya sa babu shi."

"Ɗana, gilashi na zo saye. Wa'azi ina da fasto."

A shago na shida ta samu. Sai dai a gindinsa an zana lambar wata mota, kamar yadda kowa ke zana tasa a gilashi don kada ɓarayi su sayar. Ta kankara da farce, ba ta fita ba.

Ranar Alhamis ta kai motar bayan garken shanu. Shekara arba'in tana miƙa wa Shayo sifana yana ce mata ba wannan ba, ashe idonta na koyo. Ta cire hannun ɗaga gilashi, ta ɓalle murfin ƙofa, ta zuba notuna a kofin shayi. Ta sauke babban gilashin, ta share ɓaraguzan da tsintsiya. Robar da ke riƙe ɗan gilashin ta bushe ƙamas, sai da ta jiƙa ta a ruwan zafi ta shafe da sabulu. Karon farko ta sa gilashin bai-bai, ta yanke a babban yatsa, ta faɗi kalmar da ba a faɗa a coci. Karo na biyu ya zauna daram.

Elisante ya iso ranar Asabar, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha kwano biyu na faten ayaba da nama. Sannan ya fita yana zagaya motar kamar ɗan kwastan. A ƙofar direba ya tsaya, ya sunkuya ya karanta lambar.

"Mama, wa ya sa wannan?"

Ta shirya ƙarya tun Laraba, amma ta kasa fitowa. "Ni. Na rufe makulli a ciki, na fasa, na sa wani. In karɓa za ka yi, karɓi."

Ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa wa ƙofar, ya buɗe ya shafa ciki. Ko ɗigo babu. Sai ya kama hannunta ya zagaya da ita ɗaya gefen, ya nuna mata ɗan gilashin can.

"Karanta lambar."

Ta sa tabarau. Wannan ma ba tasu ba ce.

"Baba ne, ranar auren Ndeshi," ya ce, yana nufin ƙanwarsa. "Ya rufe makulli a ciki, amarya na jira. Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. Lokacin ko furfura bai yi ba. Kuma nasa yoyo yake yi."

Shekara goma sha bakwai tana cusa tsumma a wurin duk damina, mutumin nan yana ce mata tsufan mota ne. Ta zauna a bakin ƙofar tana dariya har da hawaye. Kwana huɗu rabon da numfashinta ya kai ciki.

"Makullin fa?" ta tambaya.

"Zan yanko miki na biyu. Ki rataya a wuya."

Ranar Talata ta sauko kasuwa da ayabarta, makulli ɗaya a mota, ɗaya a wuya. Da yamma ta ɗora ruwan zafi, ta ɗauko sabulu da kofin shayi, ta nufi gefen gilashin Shayo.