Tabarmar Rumfar Zaɓe

Har gobe ban manta da ranar zaɓen da aka fara jefa ƙuri'a a ɓoye ba, can ƙarshen shekarun hamsin. Ina malamin firamare a Faskari aka tura ni aikin zaɓe wani ƙauye kusa da Damari. Kai, zamani mai daɗi! Keke da farar riga kawai, ina ji da kaina kamar Razdan.

Lokacin jam'iyyar sarakuna sai ƙara ƙarfi take, Hausawa da Fulani da Maguzawa ana ta shigarta, wasu don so, wasu don tsoro. Tsarin kuwa, kowace jam'iyya da akwatinta a cikin rumfar zana. Mutum ya karɓi takarda a wurina, ya shiga shi kaɗai, ya jefa inda ya so.

Da hantsi layi ya iso kan wani dattijo Bafulatani, Baba Jauro. Ya karɓi takarda, ya leƙa rumfa, ya ƙi shiga.

Na ce, "Baba, shiga mana, ba mai ganinka."

Ya ce, "Malam, ni da ke gane sawun saniyata cikin garke, ni za ka gaya ma haka? Dubi ƙasa."

Na duba, yashi ne lallausa. Ashe bafaden dagaci da ke shiga da tsintsiya bayan kowane mutum, wai don tsabta, sawu yake karantawa, ya gane akwatin da kowa ya nufa. Ni kuwa tun safe ina yi masa sannu da aiki! Kunya ta kama ni. Baba Jauro ya raɗa mini cewa burtalin shanunsa ta gonakin dagaci ya bi, in aka toshe shi, sai ƙaura.

Na kwance tabarmata daga bayan keke, na shimfiɗe ƙasan rumfar da ita, na ce wa bafade shara ta ƙare. Ya harare ni, ya fita. Dattijo ya shiga, ya fito.

Jam'iyyar sarakuna ce ta lashe, da rata mai yawa. Bayan shekaru na haɗu da Baba Jauro a kasuwar Sheme, shanunsa na nan kan burtalinsu. Na zolaye shi, "Baba, wai ina ka jefa?"

Ya yi dariya ya ce, "To mi ya sa ka shimfiɗa tabarma?"

Ku da kuke aikin zaɓe yanzu, abin da na koya ke nan: ba namu ba ne mu san inda mutum ya jefa. Namu mu duba ƙasa kafin ya taka.