Matar da Ta Manta Sunan Likitanta

A barandar majalisar jiharmu, a Hartford, wata dattijuwa tana zaune kusa da ni. Ta cusa ƙafar wandonta cikin farar safa, yadda muke yi in za mu shiga ciyawa saboda kaska, ko da yake masu tsotsar jinin da ke nan kwat suke sawa.

Yau ake sauraron jama'a kan dokar da za ta hana ƙwace lasisin likita don ya ba mai ciwon kaska maganin kashe ƙwayoyin cuta na watanni. Likitoci da yawa sun ce mako huɗu ya isa. Da alama gwiwoyinta da ciwon ya kumbura ba su sami labari ba.

Minti uku ake ba kowa. Ta ɗora agogon dafa ƙwai a cinya, tana gwada jawabinta, tana soke layi. Ta kai kan wani suna, ta murje shi da biro har takardar ta huje.

Magatakarda ya zo da rajista. "Madam Pelletier, wane likita ke duba ki?"

"Ɗan nan, ciwon yana taɓa ƙwaƙwalwa. Na manta."

"Ai shi kika zo karewa."

"Shi ya sa. In na faɗa, gobe hukuma ta kira shi, mu rasa mai duba mu. Su sa hannu a dokar, ka ga yadda zan tuna."

Ta sake murɗa agogon.