Ranar da Na Auna Aikin Kwamfuta da Tiya

Na yi shekaru masu yawa ina magatakardar kotu kafin in yi ritaya, na kuma ga rigingimu iri-iri, amma wadda ta zauna a raina har in koma ga Mahaliccina ba a kotu aka yi ta ba. A gaban rumbun hatsi aka yi ta, a garin Isa.

Ɗan ƙanena, wanda ya tashi a hannuna, ya karanci ilimin kwamfuta a Sakkwato, ya dawo Sabon Birni ya buɗe shago da ma'aikata biyu. Babban aikin da ya fara samu na wani Alhaji ne, tsohon abokina, mai safarar gero da wake zuwa Nijar. Alhaji ya nemi a saka masa sola da kwamfuta, a tsara masa manhajar da za ta riƙa nuna masa buhunan da suka shiga rumbu da waɗanda suka fita. Suka yi ciniki irin namu: aka yi musafaha, aka shafa Fatiha, shi ke nan.

Aiki ya kammala, kuɗi bai fito ba. Wata rana da hantsi ya same ni a zaure ya ce, "Baba, rufe shagon ga za ni yi. Mai solar da na ɗauko kaya bashi a wurinsa ya ce zai kwashe na shago, yarana kuma ba albashi."

Na tambaye shi ko Alhaji ya musanta cinikin. Ya ce a'a, cewa yake aiki bai ƙare ba. Duk ran da ya je karɓar kuɗi sai a ƙaro wani abu: yau a sa lissafin sefa, gobe a haɗa da rumbunsa na Kamarawa. Shi kuwa kunya ta hana shi ce wa dattijo wannan sabon aiki ne.

Na ƙudura a raina cewa shagon nan ba zai rufu ba ina raye. Na sa babbar riga, muka nufi Isa.

Alhaji na ganina ya yi dariya. "Magatakarda, sammaci ka kawo mini, ko har yanzu ba a gaya maka ka yi ritaya ba?"

Na ce, "Gero na zo saye, Alhaji. A auna mini tiya guda."

Aka auna, aka cika ta har ta yi tozo. Na ce a ƙara. Aka ƙara hannu guda don girmamawa. Na sake cewa a ƙara, domin ba zan biya ba sai na gamsu.

Alhaji ya ɓata rai. "Haba Malam! Tiya ai tana da baki. In ta cika ta cika."

Na ce, "To, aikin ɗana ina bakinsa yake?"

Alhaji ba macuci ba ne; a ganinsa abin da ba a ɗora shi a kai, ba a kuma auna shi, ƙara shi ba ya cin komai. Da na ce a rubuta cinikin, ya ce rubutu tsakaninmu kamar rashin yarda ne. Na tuna masa cewa addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi.

Nan take muka zauna bisa tabarma, na rubuta da hannuna: ga abin da aka yi alkawari tun farko, an gama shi, za a biya cikin mako. Lissafin sefa da rumbun Kamarawa sabon ciniki ne mai farashinsa, rabi kafin alƙalami, rabi ranar da aka gwada aka ga yana aiki. Gyara kyauta yana da wa'adi. Shaidu biyu suka sa hannu. Kafin makon ya fita kuɗin ya shigo, mai sola bai taɓa ko kujera ba.

Shagon yana nan har yau, kuma ɗana ba ya kwance waya sai an rubuta. Abin da na koya shi ne, mutanen kirki ma sukan cuci juna idan ba su fayyace inda aiki zai tsaya ba. Kafin ka fara, ku yarda da bakin tiyarku, sannan ku rubuta shi.