Takardar 'yan wasa

Mijina ya bar soja amma soja bai bar shi ba. Da ya yi ritaya, wata kulliya ta wajen unguwar Ƙiblatain ta ɗauke shi ya horar da ɗalibai ƙwallo, su ne tawagarta ta farko. Usur a wuya, sanda a hammata, har a gida. Ko shayi ya nema sai ka ce fareti.

Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwar Ƙuba. Dariya ya yi. "Ke da furfura, wa za ki rubuta wa wasiƙa?"

Ni na fara gane idonsa na mutuwa. Ciwon suga ne. Sai ya riƙe jarida kusa da hanci, can ya yar, ya ce ƙarya ce cike da ita. Kafin kowane wasa dole ya miƙa wa shugaban kulliya sunayen 'yan wasansa a rubuce. Ranar da aka gane ba ya ganin layi, aikin ya ƙare.

Wata Laraba ya turo mini takarda da biro, yana kallon bango.

"Rubuta. Gola tukuna."

Wata huɗu ina yi masa. Shi yana kai-komo daga ƙofa zuwa taga, yana sa yaro yana cirewa, ni ina goge-goge da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Maganar asibiti kuwa ko sau ɗaya bai yarda ba. Hafsan soja, in ji shi, ba ya nuna rauni gaban yaransa.

Ranar wasan ƙarshe na ajiye biro.

"Kaftin, halas, ya isa haka. Ba likita, ba suna."

"Hajiya, bayan la'asar za a buga!"

"To ka rubuta da kanka."

Ya hau soro, ina jin takunsa a kan kaina. Ni ma na kasa zama; tukunya ɗaya na wanke sau uku. Aka kira azahar, aka idar. Ya sauko.

"Rubuta. Asabar mu je."

Na sa ya rantse kafin na taɓa biro.

A asibiti ni na cika masa fom. Da na zo gurbin sana'a na tambaye shi, in sa mai ritaya?

Ya miƙe wuya. "Sa mai horarwa. Kuma ki gyara rubutun nan, mutane za su gani."