Laburaren da ake leƙe ta taga

"Ranka shi daɗe, mabuɗin laburare nika so," na ce wa shugaban makarantarmu a nan Isa.

Turanci nake koyarwa. Na umarci kowane ɗalibi ya aro littafi ya karanta, sannan ya tsaya gaban aji ya kwaɗaita wa 'yan'uwansa shi da Turanci, su kuma su saurara.

Shugaba ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, littattafan ga sababbi na. In yara sunka ɓata su, mi za mu gwada wa baƙi?"

Ranar gwaji, Hadiza, wata ɗaliba 'yar Tozai, ta miƙe. Da ɗan Turancinta ta ce akwai wani jan littafi mai kauri da ta hango ta tagar laburare. Ba ta san abin da ke ciki ba, amma tabbas da daɗi, tunda an kulle shi.

Na ba ta maki cikakke.

Gobe shugaban nan ne zai fara zagin yara wai ba su jin Turanci. Ku ma haka laburarenku yake?